Mako guda a jirgin iska tsakanin tsibiran Lamu

Da muka fara magana ta WhatsApp da nahodan, wato shugaban jirgin ruwan da iska ke turawa, wanda zai zagaya da mu tsibiran Lamu a gaɓar tekun Kenya, bai tambaye mu kuɗi ba, bai kuma tambaye mu yawanmu ba. Abin da ya fara so ya sani shi ne ranar nawa ga watan Musulunci za mu iso. Ƙanena, wanda ya yi karatu a Mbale ta ƙasar Uganda kuma ya iya Swahili, shi ne tafintanmu. Ya ce masa muna duba tsakiyar Fabrairun 2024. Nahoda ya ce wannan lissafin bai amfane shi da komai ba, a faɗa masa kwanan Sha'aban. Ya bayyana cewa teku na cika ta janye sau biyu kowace rana, kuma cikar tana kai maƙura ne lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika da'ira. Yawancin garuruwan da muke son gani suna can ƙarshen ƙananan mashigai ne, in ruwa bai cika sosai ba jirgi ba ya isa. Ya ce mu iso Lamu wajen 11 ga wata, mu tashi a kan 13. A kan wannan muka sayi tikiti.

Iska ma ya yi mana bayaninta. Daga wajen Disamba zuwa Maris ana samun wadda suke kira kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas, teku ba ta cika hauka ba a lokacinta. Daga Afrilu kuma kusi take karɓa daga kudu, da ruwan sama da manyan igiyoyi, har masu ƙananan jirage su daina fita fili. Tunda arewa muka nufa, zuwa za mu yi da wahala muna gaba da iska, dawowa kuma ita za ta turo mu gida. Muka daidaita a kan shilin 100,000, kuɗin Kenya, na mako guda, da jirgi da ma'aikatansa uku, abinci da man ƙaramin injin kuma namu ne. A lokacin dala ta haura naira 1,500, shilin ɗaya na kusan naira goma, don haka mu uku muka raba nauyin: ni, da ƙanena, da wani Alhaji abokin cinikina a Kantin Kwari.

Hajiyarmu ba ta so tafiyar ba. Abin da ta riƙa tunawa shi ne haɗarin Bagwai na ƙarshen Nuwambar 2021, inda kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Maulidi. Ta ce, "In dai za ku je, kowa ya sa rigar nan ta ceto, ko da barci yake." Na sa nahoda ya ɗauko hoton rigunan ya turo, na nuna mata, sannan ta sa albarka.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka Mombasa. A lokacin, tun watan Janairun shekarar, Kenya ta daina ba da biza ta koma izinin shiga da ake cikewa ta intanet, mun cike namu tun a gida. Katin rigakafin shawara kuwa sai da aka buɗe shi aka duba. Muka kwana a wani masauki kusa da tashar motocin Lamu, da asuba muka shiga bas a kan shilin 1,500 kowane mutum.

Daga Mombasa zuwa Malindi hanya ce kawai, gonakin kwakwa da gadar Kilifi. Bayan an haye kogin Tana a wajen Garsen ne tafiya ta canza kama. A kowane shinge sai kowa ya sauko da jakarsa, a jera layi, maza daban mata daban, soja ya duba katin shaida ya dubi fuska. Mu da muke da fasfo na waje an fi daɗewa a kanmu: me ya kawo ɗan Nijeriya Lamu, wa kuka sani, a ina za ku kwana. Takardar da nahoda ya turo mana mai ɗauke da lambar rajistar jirginsa ita ta gajarta maganar. Dalilin tsaron a bayyane yake. Dajin Boni na nan gefen hanya, 'yan al-Shabab na ɓuya a cikinsa, kuma a watan Yunin 2014 sun kai hari garin Mpeketoni suka kashe mutane da dama. A lokacin ba a bin hanyar da dare. Alhaji, wanda ya sha bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, ya ce duk abin da ya gani ya san shi, har irin shirun da fasinjoji ke yi in an doshi daji. Abin da na lura da shi ni kuma, a duk shingayen nan babu wanda ya miƙo mana hannu.

Kwalta ta ƙare a Mokowe. Daga nan ƙaramin jirgi mai inji ya tsallaka da mu kan shilin 200. Garin Lamu ya bayyana daga ruwa: fararen gidaje masu hawa biyu da uku, rufin ganyen kwakwa, jirage jere a gaba. Da muka taka ƙasa babu ƙarar mota. Jakuna ne ke dakon komai, siminti, buhunan shinkafa, jarkokin ruwa, har yara 'yan makaranta a kansu suke tafiya. Akwai ma asibitin jakuna a bakin ruwa tun 1987. Na tsaya ina kallonsu da wani irin abu a raina, domin ina yaro jakai ne ke kawo mana yashi da itace a cikin birnin Kano, yanzu kuwa sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba. Lungunan garin matsattsu ne ƙwarai, in jaki mai kaya ya taho sai ka lafe a jikin bango. Wanda ya san lungunan bayan Kurmi ba zai ji baƙunta ba, sai dai nan ginin na dutsen teku ne da farar ƙasa, ƙofofin kuma katako ne da aka sassaƙa wa furanni da ayoyi. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Mun kama ɗaki a wani tsohon gida kan shilin 3,000, muka fita sallar magariba a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa. Malami ne da ya zo daga tsibiran Komoros, ya rasu a 1935, kuma shi ya dasa babban Maulidin da har yau ake zuwa daga ƙasashe da yawa. A nan na fara gamuwa da abin da ban shirya masa ba. Na shiga na fuskanci gabas yadda jikina ya saba tun ina yaro, sai na ga sahu ya juya wani wajen. Alƙiblar Lamu arewa take, kusan sak, domin Makka na saman su ne a taswira. Mutanen gaɓar nan Shafi'awa ne, liman yana bayyana bisimilla, da asuba kuma ana ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, ana ɗaga hannu ana amsa amin. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannun Alhaji, da ya ji daga Kano muke sai ya ce ya zauna da Hausawa a Makka shekaru da dama da suka wuce. Ya ja mu ya saya mana gahawa mai ɗaci da alewar halwa.

Washegari cefane muka yi tare da mai dafa abincin jirgin. Shinkafa, fulawa, man girki, albasa, tumatir, lemun tsami, kwakwa mai yawa, gawayi buhu guda, ƙanƙara a cikin kula, sai ruwan sha. A kan ruwan ne nahoda ya fi tsayawa. Ya ƙirga jarkoki da kansa, ya ce a ƙara, domin a tsibiran da za mu ruwan daɗi abin saye ne. Cefanen duka ya ci kusan shilin 25,000. Nama ba mu saya ba, ya ce teku za ta ciyar da mu.

Jirgin na katako ne gaba ɗaya, an ƙera shi a ƙauyen Matondoni da ke bayan tsibirin. Ginshiƙi ɗaya ne a tsakiya, da wata doguwar sanda a karkace wadda ke ɗauke da tanga, wato babban ƙyallen da ke kama iska. Ba ɗaki, rumfa ce kawai a baya da katifu, kurfoti a cikin akwatin yashi, makewayi kuma wani ɗan akwati ne da ke rataye a bayan jirgin a kan ruwa. Da aka ja igiya tanga ta buɗe ta cika, aka kashe inji, sai komai ya yi tsit in ban da ƙarar ruwa a jikin katako. Muka wuce ƙauyen Shela da hasumiyar tsohon masallacin Juma'arta da tuddan rairayinta, muka jira la'asar, lokacin da ruwa ya cika, sannan muka kutsa wani siririn mashigi a tsibirin Manda, itatuwan mikoko, masu tsirowa a cikin ruwan gishiri, na shafar jirgin hagu da dama.

A ƙarshen mashigin kufan Takwa yake. Gari ne da ya rayu tun wajen 1500, mutanensa suka watse a ƙarni na 17. Mai gadin wurin ya nuna mana masallacin, da dogon ginshiƙi a saman bangon alƙibla, da rijiyar da ke gefensa. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne ruwan rijiyoyin ne ya koma na gishiri, sai mutane suka kwashe suka haye Shela. Gari guda da masallacinsa da ganuwarsa ya tashi saboda ruwan sha, ga teku kewaye da shi. Ina cikin karanta zanen jirage da aka yi a jikin wani bango sai ga yaron jirgi a guje, wai nahoda ya ce ruwa ya fara komawa. Ba mu gama gani ba muka juya. Da mun ƙara rabin sa'a da a kan laka za mu kwana.

Daren farko a kan ruwa na yi alwala da ruwan teku. Hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa, cewa teku ruwanta mai tsarkakewa ne kuma mushenta halal ne, na karanta shi a zaure a gaban malaminmu ina saurayi, a garin da ke da nisan kilomita kusan dubu daga teku. Ban taɓa zaton zan yi aiki da shi ba. Da na kurɓi ruwan gishirin na wanke fuska, sai malamin ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa. Muka yi ƙasaru, ƙanena ya ja mu, jirgi na juyawa a kan anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, a hankali har muka idar muna kallon wani wajen daban.

Tun kafin alfijir aka tashe mu don mu kama cikar safe a mashigin Mkanda, wanda ya raba Manda da babban yanki. Da muka fito fili sai ga sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu daga hagu, wadda aka buɗe matsayarta ta farko a watan Mayun 2021. Ɗaya daga cikin matuƙan, wanda asalinsa masunci ne, ya nuna wurin da leɓe. Ya ce nan ne suke kamun kifi tun kakanni, da aka yashe ƙasan teku kifin ya gudu. A 2018 kotu ta yanke a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76, amma har lokacin da muka je, in ji shi, jira suke. Kusa da nan sansanin sojan ruwa yake, inda al-Shabab suka kai hari a Janairun 2020. Wani jirgin sintiri ya matso, aka karɓi fasfo aka duba, aka ƙirga rigunan ceto, aka sallame mu.

Daga nan wahala ta fara. Kaskazi na dukanmu a fuska, jirgin iska kuwa ba ya tafiya kai tsaye cikin iska, sai dai ya yi ta karkata, ya nufi dama ya dawo hagu. Kowace juyawa aiki ce ta mutum uku: a sassauta igiya, a tura doguwar sandar nan ta zagaya ginshiƙi, a kwashe buhunan yashi daga wannan gefe zuwa wancan. Tafiyar da jirgi mai inji ke yi cikin sa'a ɗaya ta cinye mana yini. Jiri ya kama ni da Alhaji, muka yi ta amai har ba abin da ya rage. Rana ta ƙona mana wuya da bayan ƙafa. Mai dafa abinci ya ba mu citta da lemun tsami, ya ce mu daina kallon cikin jirgi mu kafa ido a kan gaɓa. Ƙanena ya matso ya ce, "Yaya, ko a tayar da inji?" Na tambayi nahoda, ya ce man da muke da shi na mashigai ne da na larura, in aka ƙone shi a nan babu inda za a samu wani sai garin Faza da ke tsibirin Pate. Muka haƙura.

Tsibirin Pate ya biya mu wahalarmu. Muka bar jirgi a Mtangawanda muka hau acaɓa zuwa Siyu, ƙauye mai tsit a tsakiyar gonakin kwakwa, da wata babbar ganuwar yaƙi ta ƙarni na 19 a bakin ruwa. A da Siyu gari ne na malamai da marubuta Alƙur'ani da hannu, kuma mutanensa sun yi tsayin daka da sojojin Sarkin Zanzibar Sayyid Sa'id. Yau dukawa ne suka rage, suna ɗinka takalman fata a ƙofar gida. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya duba ɗinkin, ya ce aikin ya yi, amma jimar ba ta kai ta Majema ba, ya kuma saya ƙafa biyu. A nan muka ji labarin da suke bayarwa cewa wasu daga cikinsu jikokin matuƙan Sin ne da jirginsu ya nutse a kusa tun ƙarni na 15.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne Shanga, kufai a cikin kurmi a kudancin tsibirin, sai da ɗan jagora ya riƙa sare rassa muna bi. Masu binciken tarihi ƙarƙashin Mark Horton sun haƙa wurin a shekarun 1980, suka tarar da masallatai a kan masallatai, na can ƙasa ɗan ƙarami ne na itace, daga wajen ƙarshen ƙarni na 8. Mu a Kano muna ƙirga zuwan Wangarawa da Musulunci daga zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Ke nan ana kiran salla a wannan tsibiri shekaru fiye da ɗari biyar kafin nan. Wannan iskar da ta wahalar da mu jiya ita ta riƙa kawo jirage daga Larabawa da Fasha da Indiya, kusi kuma ta mayar da su. Abin da raƙumi da Sahara suka yi mana, shi tanga da kaskazi suka yi musu. Na zauna a kan wani karyayyen bango na daɗe, har jagoran ya fara duban rana.

A Faza muka yi daren rabin Sha'aban, muka ƙara ruwa da mai. Gobara ta cinye yawancin garin a 2009, shi ya sa rufin kwano ya yi yawa. Abinci kuwa tun daga rana ta biyu kifi ne. Matuƙan na jan ƙugiya a bayan jirgi, abin da ya kamu a gasa shi a kurfoti a shafe shi da miyar kwakwa da tsamiya, a ci da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa. Da safe shayi da mahamri, wani soyayyen burodi mai ƙamshin kadamon, da waken tantabara. A Kizingitini masunta suka sayar mana da manyan jatan lande da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza. Alhaji ya ce shi dai a bar shi da kifi. Ni na ci, naman da ɗan tauri amma da daɗi.

Kiwayu ce iyakarmu ta arewa, dogon tsibiri siriri a cikin gandun ruwa na Kiunga da aka keɓe a 1979, ana biyan kuɗin shiga ga ma'aikatan gandun daji. Mutanen wurin Bajunawa ne, masunta. Iyakar Somaliya ba ta da nisa, kuma tun sace baƙin Turawa da aka yi a yankin a 2011 masu yawon buɗe ido suka ragu ƙwarai, sai muka tarar da bakin teku mai tsawon kilomitoci babu kowa sai ƙaguwa. Matuƙan suka ɗaura mini rigar ceto, suka ba ni gilashin kallon ƙarƙashin ruwa, ɗaya ya riƙe hannuna. Ban iya iyo ba, amma na kifa fuska na ga kifaye shuɗɗa da rawaya da masu zane suna kiwo a kan murjani, har da kunkurun teku guda da ya wuce mu ba ya sauri. Na ɗago ina tasbihi. Da dare ƙananan ƙudajen rairayi suka addabe mu, gidan sauro bai tare su ba, sai da muka koma jirgi aka matsa da shi nesa da gaɓa.

Mun so mu ƙara kwana a nan. Nahoda ya ɗaga yatsu ya ƙirga kwanan wata, ya ce cikar ruwa ta fara raguwa, in muka yi jinkiri Mkanda za ta ba mu wuya. Muka tashi da hantsi. Iska na bayanmu, tanga ta cika ba a taɓa igiya ba, abin da ya ɗauke mu kwanaki a zuwa muka shafe shi tsakanin hantsi da la'asar sakaliya. Babu wanda ya yi amai. Nahoda ya ba ni sandar tuƙi na riƙe na ɗan lokaci, yana gefe yana cewa in sa ido a kan wani tsauni kada in bar shi ya kauce daga hancin jirgi.

A Lamu muka cika masa ragowar kuɗinsa, muka ba kowane matuƙi shilin 3,000 na alheri, Alhaji ya ƙara wa nahoda hular zanna da ya taho da ita. Ya ce da azumi ya wuce za su ja jirgin kan tudu a Matondoni, su cusa auduga a tsakanin katakai su shafe shi da man kifi kafin kusi ta iso. Ba mu sake bin hanyar motar da muka zo ta ita ba. Muka haye zuwa ƙaramin filin jirgin sama na Manda, muka biya kusan shilin 8,000 kowa zuwa Mombasa. In aka cire tikitin Kano da dawowa, abin da kowannenmu ya kashe tun daga Mombasa har komawa Mombasa bai wuce shilin 70,000 ba. Mun sauka Kano saura kwanaki kaɗan a ga watan Ramadan.